Tsagar da ta Karkace a Kuncin Inna

Gusau,
Ranar Laraba da hantsi.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ɗanki, wanda ya girme ki da shekara talatin da 'yan kai amma har yau bakinsa bai iya kiran sunanki ba. Ina roƙon Allah ya sa sa'adda za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka Ilori lafiya. Allah ya tsare ki daga Gusau zuwa Tsafe, daga Tsafe zuwa Funtuwa, har inda mota za ta tsaya ta ce ta gaji. Ya sa ki fara bautar ƙasar nan a sa'a, ya haɗa ki da mutanen kirki, ki gama da mutuncinki.

Za ki tarar da wasiƙar nan a aljihun ciki na jakar kwamfutarki. Kafin ki ci gaba da karatu, tashi ki wanke hannu ki goge shi sosai, don ba ita kaɗai na sa ba. Tsakanin kwalaye biyun nan da na ɗaure da zare akwai hoton Inna, mahaifiyata, takwararki, Allah ya jiƙanta. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ya koɗe, kullum kuma ƙara koɗewa yake yi. Aikin da na ba ki shi ne ki fito da fuskarta daga cikinsa, ki kawo wa Iya Ige, ƙanwarta da ke Bungudu, ta gani da idonta. Kin dai ga yadda jikin Iya Ige yake da Sallar nan. Ba mu da lokaci mai yawa.

Shekaranjiya a shago kin tambaye ni, "Baba, wace manhajar gyaran hoto zan sa a sabuwar laftof ɗin nan?" Na ce miki duk wadda kika ga dama, na juya na shiga goge gilashin kyamarar da ba ta yi datti ba. Na ga kin dube ni. Ba amsa ce ba ni da ita ba. Amsar ce cike take da abin kunyata, ni kuwa ban saba faɗin abin kunya a gaban kwastoma ba. Yanzu ga ni ga takarda, ba mai kallona, bari in ba ki amsa. Ba zan kama miki sunan manhaja ba, don sunayen nan sauyawa suke yi, wadda ake yayi bana baɗi ba mai tuna ta. Zan gaya miki yadda na yi ta zaɓen tumun dare, ke ki zaɓa da rana.

Bari in fara da hoton kansa, don ki san abin da ke hannunki. Ni na ɗauke shi. Lokacin ina koyon aiki a wurin Alhaji Bawa, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ara mini ƙaramar kyamara na tafi da ita Kwatarkwashi. Inna ba ta son hoto. Cewa take yi wanda yake son ganinta ya zo ya gan ta, ai ba nisa. Kwana uku ina lallashi. Rana ta huɗu da safe ta gama shara, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta jawo kujera 'yar tsugunno gindin rumbu, dutsen garin na bayanta, ta ce, "To, yi abin da za ka yi ka ba ni wuri, ina da aiki." Sau ɗaya na danna. Kafin in sake saiti ta miƙe ta ɗauki taɓarya. Ban taɓa ganin mace mai kwarjini irin nata ba, kuma ba don ta haife ni nake faɗa ba. Fim ɗin kyamarar ya lalace shekarar da ruwa ya shiga tsohon shagonmu, sai wannan kati ɗaya ya rage. Ni kuma da wautata na sa shi cikin gilashin ƙofar shago, rana na dukansa shekara da shekaru, wai ina alfahari da hotona na farko.

Da kwamfuta ta shigo sana'armu, kuskurena na farko girman kai ne. Na je kasuwa wurin masu sayar da faya-fayai na ce a ba ni manhajar da manyan masu hoto na Legas suke aiki da ita, wadda ta fi kowace girma. Mai shagon ya tambaye ni ƙarfin kwamfutata. Na ce masa ina ruwansa, shi dai ya ba ni. Ya ba ni kuwa, kofe, ba ta asali ba. Na ɗora wa 'yar kwamfutata kayan da jaki biyu ba za su ɗauka ba. In na danna abu sai in fita in sha shayi in dawo kafin ta amsa. Fankarta na kuka, ƙasanta na zafi har ba a iya taɓawa. Ranar da na zo gyara hotunan wani biki da na ɗauko a Tsafe, ina tsakar aiki ta ƙame, ta mutu, ta tafi da aikin yini biyu. Da mai gyara ya buɗe ta sai ya ce faifan nan da cuta ya zo. Uwar amarya ta yi sawu uku daga Tsafe zuwa Gusau, a na ukun ba ta zage ni ba, ta dai tsaya ta dube ni daga hula har takalmi. Gara ta zage ni.

Saboda haka, uwata, ki fara duba abin hawanki kafin ki zaɓi kaya. Laftof ɗinki matsakaiciya ce, ba ta ƙarya ba ce kuma ba ta sarauta ba. Kowace manhaja tana faɗin ƙarfin da take buƙata, ki karanta wannan kafin ki karanta yabon da take yi wa kanta. Ki sauke ta gwaji, ki buɗe hoto mafi nauyi da kike da shi, ki cire caja, ki yi aikin awa ɗaya, ki ga ko batirin zai kai ki. Inda za ki ma ana ɗauke wuta, ba mu kaɗai aka raina ba. Kuma ki ɗauko ta daga hannun masu ita. Akwai na kyauta na halal waɗanda suke aiki tsaf, sun fi babbar da aka sato aka cusa mata abin da ba ki sani ba.

Kuskure na biyu kin gan shi da idonki, amma ba ki san yadda ya ci mini rai ba. Bayan na yi hankali na koma wata manhaja ta asali, mai kyau ƙwarai, ba na ɓata ta. Aibinta ɗaya, lokaci-lokaci sai ta leƙa intanet ta tabbatar ni ne kafin ta buɗe. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, sai lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan. Ana nan ana nan, wata safiya na kunna ta ta ce ba ta san ni ba. Ni da na yi shekaru ina zaune a gabanta! Ga mutane daga Mada da Magami sun cika benci suna jiran hoton fasfo. Sai da na rungumi kwamfuta na shiga mota har Funtuwa, na zauna gindin wata bishiya cikin masu kiran 'yan'uwa, kowa na ihu a waya, ni kuwa ina roƙon na'ura ta tuna da ni. Da na dawo mamanku ta ce, "Sannu da zuwa, an gaisa da ita?" Har yau in tana son ta tsokane ni sai ta tambaye ni labarin mutuniyata ta Funtuwa.

Ki tambayi duk manhajar da za ki zaɓa wannan tambaya: in babu layi sati uku, za ki buɗe? In amsar a'a ce, to ko kin ɗauke ta ki ajiye wata ƙarama a gefe wadda ba ta neman izinin kowa. Sannan ki duba ina take kai hotuna. Wasu da zarar kin buɗe hoto sai su aika da kofensa can ma'ajiyarsu ta intanet, wai suna taimakonki. Ke mace ce, kina shiga inda ni ba na shiga. Amare suna cire mayafi a gabanki, masu jego suna zama a gabanki yadda suke, don sun yarda da ke. Hoton da aka ɗauka a uwar ɗaka amana ne. Ki nemo wurin da ake kashe aikawar nan ki kashe tun ranar farko, in kuwa ba a iya kashewa, ki yi sallama da ita.

Yanzu na zo kan babban, wanda ya sa na goge gilashin da ba shi da datti.

Wata shekara wani abokin sana'a ya nuna mini wata manhaja mai maɓalli ɗaya. Ka sa hoto, ka danna, fuska ta yi sumul. Ƙuraje su tafi, tabo ya tafi, baƙi ya yi haske, tsoho ya koma saurayi. Wallahi ta burge ni. Na tuna Alhaji Bawa da yadda yake yini guda da ɗan siririn fensir a kan fim yana gyara fuska ɗaya, numfashi ma a hankali yake yi, na ce a raina da ya ga wannan da ya huta. 'Yan mata suka yi ta tururuwa shagona. Kaina ya kumbura. A cikin wannan kumburin ne na ciro hoton Inna daga gilashi, na ga ya fara ja-ja, na ce bari in yi wa uwata gata. Na sa shi a sikana, na buɗe a manhajar, na danna maɓallin. Fuska ta fito fes. Na danna ajiye. Ban lura ba ashe a kan na asalin da sikana ta ɗauko take ajiyewa, ta haɗiye shi. Na wanke shi babba, na sa a firem mai ruwan zinariya, na ɗaura a bayan babur na nufi Bungudu ina jin kaina.

Na tarar da Iya Ige a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na kwance firem na jingina a gabanta, na koma gefe ina jiran albarka. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago ta ce, "Garba, wace ta wagga?"

Na ce, "Haba Iya, Inna ce mana."

Ta ce, "Zanen dai na Yaya na, na san shi, ni na kai zaren ga masaƙi. Rumbun ma namu na. Amma wagga ɗiya mai sulɓin huska ban san ta ba. Ina tsagen gidanmu?" Ta sa yatsa ta shafa kuncinta, inda tsagen suke jere daga gefen baki zuwa kunne.

Sai a lokacin na duba da idon gaske. Manhajar ta ɗauki tsagen Inna a matsayin datti, ta share su ƙaf. Ni kuma na ɗauko hoton tun daga Gusau ban ga abin da ya ɓata ba. Shekara nawa ina kallon fuskar nan, amma da aka ba ni wata a madadinta na karɓa har da godiya. Ban iya cin abincin da aka kawo mini ba.

Ki riƙe wannan da kyau, don ya fi duk sauran. Kada ki zaɓi manhajar da take taɓa hoton asali. Ki nemi wadda take barin na asali a ƙasa, gyara kuma ya hau bisansa shimfiɗa-shimfiɗa, abin nan da kuke cewa leya, yadda in kin ɗage shimfiɗa ɗaya za ki ga abin da ke ƙarƙashi. Ki nemi wadda za ki iya komawa baya taki ɗaya, taki goma, har zuwa farko, ko da kin kashe kwamfutar kin kunna. Duk da haka kada ki yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ki ajiye na asali a wuri biyu, ɗaya a filas na ajiyar fayil wanda ba ya kwana cikin jakar kwamfuta. Sannan maɓallin nan guda mai yin komai, ki ji tsoronsa. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa zama gaban tsohuwar Kwatarkwashi ba. Ba mugunta suka yi ba, fuskokin da suka sani suka koya masa. Shi a wurinsa tsaga tabo ce, baƙar fata kuma ƙarancin haske ne. Manhaja mai kyau ita ce wadda take ba ki wuƙa da nama, ki ce nan a taɓa, nan a bari.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma ɗanki ba ya jin magana sau ɗaya. Na dawo Gusau na ce ai gyara ne, abin da aka share a mayar. Na sake duba katin asali, na ga tsagen sun dusashe, ido ba ya rabe su sosai. Maimakon in yi haƙuri in bi su a hankali, sai na ɗauki hanya mai sauƙi. Ina da hoton Iya Ige na fasfo. Gida ɗaya, wanzami ɗaya, tsaga iri ɗaya. Na kwafi nata na ɗora a kuncin Inna, na daidaita, na shafe gefe-gefen. Aiki ya yi kyau, ko ni da na yi sai da na yaba wa kaina. Na sake hawa babur.

Wannan karon Iya Ige dariya ta yi, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Ta ce, "Yanzu kuma ni ka kawo mani. Mi zan yi da kaina, ba ga madubi nan ba?"

Na ce, "Iya, ai tsagenku ɗaya ne."

Ta ce, "Wa yag gaya maka? Ranar da anka yi ma Yaya tsaga, tana jinjira, ta yi atishawa, hannun wanzami yak kuɓuce. Ɗaya tak karkace, ta bar 'yan'uwanta ta yi ƙasa. Da ita muka tsokanarta tun muna ɗiya, da ita nika gane ta cikin taro tun daga nesa. Kai da kash sha nono kana kallonta, ba ka san ta ba?"

Uwata, ban san ta ba. Na rufe ido na nemo fuskar Inna, na ga idonta, na ga yadda take tsuke baki in za ta yi faɗa, amma karkatacciyar tsaga ban gan ta ba. Na ce, "Iya, a wane kunci take?"

Ta girgiza kai ta ce, "Ba ni gaya maka. In na gaya maka zana ta za ka yi da na'urarka, ka kawo mani ƙarya ta uku. Tahi ka neme ta cikin hoton. In tana nan, kai ka gano ta da kanka, sannan na san Yaya ta ka kawo." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A ranar na ji haushinta. Yau kuwa ba wanda nake ganin girmansa a sana'ar nan kamarta, ita da ba ta taɓa riƙe kyamara ba. Abin da ta gane a zaune a tsakar gida shi ne abin da na kasa ganewa a gaban kwamfuta: gyara daban, ƙirƙira daban. Wannan ya fi muhimmanci yanzu da manhajojin zamani suka iya cike gurbi da kansu. Ki ba su hoton da rabin fuska ya goge, su zana miki sabon rabi, kyakkyawa, har da ƙyallin ido. Ba tunawa suke yi ba, cinta suke yi. In kika ba su hoton Inna za su jera mata tsage miƙaƙƙu tsaf, don haka suka ga ya fi dacewa. Ban ce kada ki taɓa amfani da su ba. Cire igiyar shanya daga bayan amarya, ko share kwalbar da wani ya yar a gaban ango, wannan su yi. Amma ki zaɓi wadda za ta bari ki kashe cintar nan, kuma ta nuna miki a fili inda ta ƙara nata. Fuskar wanda ya rasu ba wurin cinta ba ce.

Tun daga ranar na naɗe katin a kwali na sa a ƙasan akwati, ban sake taɓa shi ba. Na ce sai na sami natsuwa. Natsuwa ba ta zo ba, yanar ido ta riga ta. Yanzu in na zuƙo hoto a allo sai in ga hazo-hazo, kin sani, ke kike karanta mini ƙananan rubutu.

To me ya sa ke? Ba don kina 'yata ba, kuma ba don kin yi karatun da ban yi ba. Wata ranar kasuwa ce ta sa. Wani dattijo ya zo daga Mada a yi masa hoto, yana da wani dogon tabo a goshi. Ina daga ciki ina ji kika ce masa, "Baba, wannan tabon a bar shi ko a cire?" Ya yi dariya ya ce ƙahon bijiminsa ne, na farko da ya saya da guminsa, in aka cire ya rasa shaida. Kika bar masa. Ni shekara nawa ina share wa mutane fuska ban taɓa tambayar kowa ba. Ban san inda kika koyo wannan ba, don ba a wurina ba ne.

Sai kuma ranar da wata mata ta kawo hoton mijinta marigayi, wanda ya koɗe har aikin wuyan rigarsa ya ɓace. Na ce mata ba abin da za a iya. Kika ce in ba ki. Na ja kujera ina kallo. Kika raba launukan hoton gida uku, ja daban, kore daban, shuɗi daban, kika shiga leƙa su ɗaya bayan ɗaya. A cikin ja ba komai. A cikin shuɗi sai ga aikin rigar yana kwance, dishi-dishi, kamar sawun kaza a kan rairayi. Kika yi ta jan haske da duhu a hankali har ya tashi. Ba ki zana ko ɗigo ba. Kin yi kusan yini, shayinki ya huce, ba ki ko ɗaga kai ba. Na dube ki na ga zaman Alhaji Bawa, har yadda kike riƙe numfashi. Matar ta rungume hoton tana kuka tana cewa ita ta zaɓar masa wannan aikin. Na fita waje kamar zan duba janareta, don kada ku ga idona. A ranar na san wanda zan ba hoton Inna, na dai rasa bakin faɗa.

Saboda haka ga gwajin ƙarshe, kuma shi ne amsar tambayarki ta shekaranjiya. Duk manhajar da kike tunani, ki tabbatar tana iya raba launuka yadda kika yi a ranar nan, tana ba ki ikon jan haske da duhu da hannunki a ɗan wuri ƙarami, tana kuma buɗe babban fayil ba tare da ta matse shi ba. Ki nemi sikana mai kyau a can, ki ɗauki katin a mafi girman da za ta iya, sau ɗaya, kada ki bari na'urar ta yi nata gyaran. Ki mayar da shi cikin kwalinsa, nesa da rana da laima. Sannan ki gwada manhajojin a kan kofe, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta bar ki kika ga abin da ke cikin hoton Inna ba tare da ta sa baki ba, ita ce taki. In ta iya wannan, hoton biki da na suna wasa ne a wurinta.

Abu ɗaya kuma, don na san halin allo. Allon laftof maƙaryaci ne, yana ƙara wa hoto hasken da takarda ba ta da shi. Kafin ki wanke babba ki wanke ƙarami, ki fita da shi waje ki duba. Inna baƙa ce, baƙi mai kyau, mai sheƙi. Kada a kawo wa Iya Ige ita fara.

In kin yi iya yinki ba ki same ta ba, ki dawo da hoton yadda yake. Kada tausayina ko tausayin tsohuwa ya sa ki zana. Za mu je Bungudu tare mu ce mata mun nema ba mu samu ba, ni zan ɗauki laifin, dama nawa ne. Amma zuciyata tana ba ni tana nan a kwance cikin ɗaya daga launukan nan, tana jiran mai haƙuri. Da na je yi wa Iya Ige sallama a madadinki na gaya mata hoton zai bi ki. Ta ce, "To, wagga ta iya. Amma ka ce mata kada ta daɗe, ni ma ina da tahiya gabana." Kada ki jira sai kin gama shekarar. Hutun farko da kika samu, ki taho da shi.

Sauran nasiha mamanku ta yi miki, ta fi ni iyawa, ni ban da abin ƙarawa sai kaɗan. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, don na san ki in kika zauna gaban allo mantawa kike yi. Kada ki yi tafiyar yamma a hanyar nan tamu in za ki dawo, ki kwana Funtuwa in rana ta yi sanyi. In motarku ta zo Kwatarkwashi ki dubi dutsen ta taga ki yi wa takwararki addu'a, a gindinsa take kwance.

Allah ya tsare mini ke gaba da baya, dama da hagu. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa albarka a hannunki da idonki, ya dawo mana da ke lafiya, ya kuma ara wa Iya Ige kwana har ki iso. Mamanku da ƙannenki suna gaishe ki.

Roƙo ɗaya ya rage, kuma ba uba ne yake yin sa ba, ɗa ne. Ranar da kika gano ta, kafin ki wanke, kafin ki gaya wa kowa, ki kira ni. Ki gaya mini a wane kunci take. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina son in sani, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Naki,
ɗanki kuma mahaifinki,
Garba Mai Hoto.